Ɗan Anchau Da Ya Riƙe Jami'ar Sardauna: Bashin Adalci Da Ke Kanmu



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

'Yan uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau wata 'yar magana ce da ta auku a ajinmu na manyan ɗalibai, wanda muke yi tsakanin La'asar da Magariba. Muna cikin bayanin amana, sai zance ya biyo ta kan shugabancin makarantu, na tambaye su ko akwai wanda ya san ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Aji ya yi tsit. Da na ce musu Farfesa Ishaya Audu ne, kuma a Anchau aka haife shi, nan bayan gidanmu, sai wani yaro mai ƙwazo, wanda shi kansa likitanci yake karantawa a wannan jami'a, ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, ai daga jin sunan ba Musulmi ba ne. To me ya haɗa mu da shi?"

Ban tsawata masa ba. Ina ni ina tsawa, alhali ni ma shekara huɗu na yi a Samaru ina shiga ina fita, ban taɓa tambayar wanda ya raini wurin ba? Sai bayan na gama ne wani dattijo a Makarfi ya ba ni labarinsa, na ji kunya ta kama ni. Amsar da na ba yaron nan a gurguje ita nake so in shimfiɗa a nan, domin na san da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu tambayarsa ce a zukatansu.

An haifi Ishaya Sha'aibu Audu a Anchau ranar 1 ga Maris, 1927. A yau Anchau ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kubau, amma iyayenmu sun san ta a ƙarƙashin Ikara kafin a yanke Kubau. Bahaushe ne gaba da baya. To yaya aka yi Bahaushen ƙasar Zazzau ya tashi Kirista tun a wancan zamani? A nan ne labarin yake da ɗaci, kuma ya kamata kowane matashi Musulmi na wannan yanki ya san shi.

A ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda ya zurfafa a kan ayoyin da suka yi maganar Annabi Isa (AS) har ya kai shi wani matsayi da malaman gari ba su yarda da shi ba. Aka yanke masa hukuncin kisa, aka zartar a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka bazu a ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau. Su ne ake kira Isawa. Shekaru suka shuɗe suna riƙe da aƙidarsu, babu wanda ya bi sawunsu da karantarwa, har zuwa 1913 lokacin da wasu daga cikinsu suka iske Dokta Walter Miller, likitan 'yan mishan na CMS da ya zauna a birnin Zariya tun 1905. Miller ya karɓe su hannu biyu. Aka kafa musu mazauni a Gimi, Gimin nan da kuka sani ta ƙasar Makarfi, suka yi gonaki da makaranta da coci. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya faɗa wa mazaunin ya kashe mutane da yawa. Waɗanda suka tsira da yaransu suka koma hannun mishan a Zariya, daga baya kuma, a 1929, mishan ɗin ya tashi daga cikin ganuwa ya koma Wusasa. Mahaifin Ishaya Audu daga cikin wannan jama'a ya fito.

Duk lokacin da na tuna wannan labari sai in ce a raina: takobi ya kashe malamin, amma bai amsa shubuhar ba. Da an samu malaman da suka bi mutanen nan ƙauye-ƙauye da haƙuri da hujja, watakila da labarin ya sha bamban. Sun yi kusan shekara hamsin suna jiran wanda zai zauna da su, wanda ya zauna da su kuwa Bature ne da ya koyi Hausa har ya kai ga fassara Baibul da ita. Wannan darasi ne ga masu da'awa, amma ba shi ne maganar yau ba.

Yaron Anchau ya yi karatun farko a makarantar St. Bartholomew da ke Wusasa. Ƙaramin wuri ne, amma ku dubi waɗanda suka fito daga cikinsa: Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, wanda kuma ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta; John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East; da Yakubu Gowon, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975. Daga Wusasa Ishaya ya wuce babbar kwalejin Yaba a Legas, sai kwalejin jami'a ta Ibadan, sannan ya haye Ingila ya kammala likitanci a King's College ta London. Ya ƙware a fannin lafiyar yara, ya yi wa gwamnatin Jihar Arewa aiki, ya koyar a makarantar likitanci ta Jami'ar Legas.

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ɗan zuriyar Mujaddadi Shehu Usmanu, mutumin da ya assasa Jama'atu Nasril Islam a 1962, ya zagaya lunguna yana musuluntar da jama'a, ya zama mataimakin shugaban Rabiɗatul Alamil Islami, wa ya ɗauka ya zama likitansa na musamman? Wannan ɗan Wusasa ne. Likita kuwa shi ke ganin tsiraicin jikinka, shi ya san rauninka, abin da ya ba ka ka haɗiya ba ka san me ke ciki ba. Wanda duk ya fi mu kishin Musulunci a siyasar Arewa ya miƙa wa Ishaya Audu jikinsa, mu kuma da muka zo daga baya muna jin nauyin ambaton sunansa. Anya kuwa kishin namu ya fi nasa?

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426, Sardauna ne uban jami'a, wani masanin kimiyya ɗan ƙasar New Zealand, Norman Alexander, shi ne shugabanta na farko. Ishaya Audu ya karɓe ta a 1966 yana da shekara 39. Ku tuna wace irin shekara ce wannan. A watan Janairu aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. A watan Mayu Janar Ironsi ya kafa dokar soja ta 34 wadda ta rushe tsarin jihohi, ɗaliban Zariya suka fito zanga-zanga, garuruwan Arewa suka kama da wuta. A watan Yuli aka sake juyin mulki. Shekara ta gaba yaƙin basasa ya ɓarke, bai ƙare ba sai a Janairun 1970. Daf da ɓarkewar yaƙin ne kuma aka raba Jihar Arewa gida shida, wato gwamnatin da ta haifi jami'ar ta daina wanzuwa. Marainiya aka damƙa masa, 'yar shekara huɗu, uba ya mutu, gida ya rabu, malamanta kuwa galibi baƙi ne da za su iya tattara kayansu su tafi a kowane lokaci.

Shekara tara ya yi a kan kujerar. A cikinsu ne aka buɗe tsangayar koyon likitanci a 1967, tsangayar da ɗalibina mai tambaya yake zaune a cikinta yau. A cikinsu ne, wajen 1970, aka kafa makarantar share fagen shiga jami'a da aka fi sani da SBS, kuma a ganina wannan shi ne aikinsa mafi girma a kanmu. Ga dalili. A wancan lokaci shiga jami'a sai da takardar babbar sakandare, makarantun da ke ba da ita kuwa a Arewa 'yan ƙalilan ne. Da an tsaya a kan wannan sharaɗi kawai, da jami'ar da Sardauna ya gina da kuɗin gyaɗa da audugar talakawan Arewa ta cika da 'ya'yan wasu, namu suna leƙe ta taga. Sai jami'ar ta buɗe ƙofa ta ɗauko yaran da suka gama sakandare, ta horar da su da kanta har su kai matsayin shiga digiri. Ku tambayi tsofaffin likitoci da injiniyoyi da alƙalai na Kano da Katsina da Sakkwato da Borno ta wace ƙofa suka shiga, za ku sha mamakin yawan waɗanda za su ce ta nan ne. Mafi rinjayen yaran da wannan ƙofa ta amfana 'ya'yan Musulmi ne, domin su ne aka bari a baya. Mutumin da ke da niyyar danne Musulmi ba ya buɗe irin wannan ƙofa.

Ta fuskar ilimin addini da tarihinmu ma haka abin yake. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda ta riƙe karatun Larabci da nazarin Musulunci, reshen wannan jami'a ce duk tsawon mulkinsa, ta girma a ƙarƙashinta har ta kama hanyar cin gashin kanta a 1975, ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Cibiyar nazarin shari'ar Musulunci ta samu gindin zama a harabar Kongo. A sashen tarihi, Farfesa Abdullahi Smith, Baturen da ya musulunta, yana tattara rubuce-rubucen malaman jihadi yana horar da irin su Yusufu Bala Usman, kuma a 1970 aka mayar da gidan Sardauna na Kaduna cibiyar bincike mai suna Arewa House. Babban taron nan na masana a kan tarihin Daular Usmaniyya da aka yi a Sakkwato a 1975, 'ya'yan wannan jami'a ne suka shirya shi. Ba na cewa shi ya yi waɗannan ayyuka da hannunsa. Kowanne da masu shi. Amma duk wanda ya taɓa riƙe ko da ƙaramar Islamiyya ya san cewa shugaba ba ya buƙatar ya rushe abu da gatari in ba ya son sa. Ya isa ya hana shi kuɗi, ya ƙi ɗaukar malami, ya bar takarda ta kwana a cikin durowa. Waɗannan abubuwa sun rayu sun yi rassa a ƙarƙashin sa hannunsa.

Har manomanmu abin ya taɓa. A shekarunsa na farko ne masu bincike daga Samaru suka zauna da manoman Hanwa da Ɗan Mahawayi da Doka ta kan hanyar Kano, suna auna gona suna ƙirga kwanakin aiki, suka fito da sakamakon da ya nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya da kakanninmu ke yi hikima ce mai riba, alhali a da ana yi mata kallon jahilci. Wannan ɗan ratse ne, na kawo shi saboda mutanen Kudan.

To yanzu mu koma ga tambayar yaron nan, mu auna ta da ma'aunin shari'a, domin ba na so a ce Malam ya biye wa son zuciya ko son a yabe shi da wayewa.

A aya ta 8 ta Suratul Ma'ida, Allah (SWT) ya hana mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga ƙin yin adalci, ya kuma haɗa adalci da taƙawa. Malaman tafsiri sun bayyana cewa hukuncin ya shafi har abokan gaba. In haka ne ga wanda ya yaƙe ka, ina ga wanda ya yi wa 'ya'yanka magani ya buɗe musu makaranta? Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana kuma ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. A Sira mun karanta cewa a tafiyar Hijira, tafiyar da ran Manzon Allah (SAW) yake cikin haɗari, ɗan jagoran da aka ɗauka shi ne Abdullahi bin Uraiƙiɗ, wanda a lokacin yana kan addinin mutanensa. An zaɓe shi ne saboda ya san hanya kuma yana da amana. Bayan yaƙin Badar, wasu fursunonin da ba su da kuɗin fansa sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. A zamanin Abbasiyawa, iyalan Bukhtishu, Kiristoci, su ne likitocin halifofi tun daga Mansur, Hunainu bin Ishaƙ kuwa, shi ma Kirista, shi ya juya littattafan likitancin Girkawa zuwa Larabci. Malamanmu na tarihi, irin su Ibn Abi Usaibi'a, sun rubuta tarihin waɗannan mutane, suka faɗi ƙwarewarsu, imaninsu bai ragu da ƙwayar zarra ba.

Na san abin da wani ɗan uwa zai ce: Malam, wannan magana za ta iya ruɗar yara, su ɗauka duk addini ɗaya ne. Tsoron yana kan hanya, don haka bari in faɗi iyakar a fili. Aƙidarmu game da Annabi Isa (AS) tana nan daram: bawan Allah ne kuma manzonsa. Ishaya Audu ya rayu a kan wata aƙida daban, ya yi mata hidima a fili, a ƙarshen rayuwarsa ma wa'azinta ya duƙufa a kai. Ba na nema masa gafara, domin Suratut Tauba ta rufe mana wannan ƙofa, lahirarsa kuma tana hannun Wanda ya halicce shi. Abin da nake magana a kai shaida ce ta duniya: an ba mutum amana, me ya yi da ita? Shaidar zur haramun ce ko a kan waye, ɓoye shaida ma haka. Wala'i da bara'a da muke karantawa a littattafan tauhidi sun hana mu son kafirci da jiɓintar masu yaƙar addini. Ba su ba mu lasisin butulci ba. Yaron da aka koya masa cewa in ya ji sunan da ba na Musulmi ba ya toshe kunnensa, ranar da ya shiga duniya ya tarar da Kirista mai gaskiya da Musulmi maci amana, a ranar ne zai ruɗe, domin ba a taɓa ba shi ma'aunin da zai fahimci abin da idonsa ya gani ba.

Akwai kuma wani ƙorafi da ya fi wannan nauyi. Wasu za su ce: ai ba don ya fi kowa basira ya kai can ba, mishan ne ya ba su boko lokacin da aka bar 'ya'yan Musulmi a baya. Akwai gaskiya a ciki. Gwamnatin Turawa ta yi rowar makarantu a ƙasashen sarakuna; Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 yara 'yan kaɗan take ɗauka a shekara. Kakanninmu da suka ɓoye 'ya'yansu a rumbu don gudun makaranta kuwa ba wawaye ba ne. Mutumin Makarfi da ya ga abin da ya faru a Gimi da idonsa, ya ga allo da alli sun zo tare da baftisma, yana da hujjar jin tsoro. Ba zan zage su ba har abada. Sai dai tsoron nan ya zo da farashi, kuma mu muka biya. Ranar da Arewa ta nemi ɗanta mai ilimin da zai riƙe mata jami'a, daga ƙaramin garin mishan ta samo shi. Tambayar da ta dace ita ce: da ya samu wannan fifiko, ya rufe ƙofa a bayansa ko ya buɗe? Wanda ya gaje shi a 1975, Farfesa Iya Abubakar, Musulmi ne ɗan Adamawa, masanin lissafi da ya shugabanci sashensa a jami'ar a zamanin Ishaya Audu. Bayan 'yan shekaru kujerar ta zo hannun Farfesa Ango Abdullahi, ɗan ƙasar Zazzau.

Ba waliyyi nake zana muku ba. Ya bar jami'ar a 1975, shekarar da aka kifar da Gowon, daga baya ya shiga siyasa. A zaɓen 1979 ya tsaya mataimakin Dokta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP, suka zo na uku. Da jam'iyyarsu ta ƙulla ƙawance da NPN, Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi ministan harkokin waje. Ƙawancen ya wargaje a 1981, shi kuwa ya ci gaba da zama a kujerarsa, abin da mutanen tsohuwar jam'iyyarsa suka ɗauka a matsayin juya musu baya. Ni kaina ina ganin likitan da shugaban jami'ar sun fi ɗan siyasar kyan gani. Da sojoji suka karɓi mulki ranar 31 ga Disamba, 1983, yana cikin waɗanda aka tsare. Da ya fito sai ya koma Samaru ya ci gaba da duba marasa lafiya a asibitinsa, tsohon minista yana sa abin awo a ƙirjin jariran talakawa. Ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2005, a Amurka, yana da shekara 78.

Abin da ya fi damuna a yanzu shi ne yadda muka iya mantuwa. Daga Ikara zuwa Anchau tafiyar ɗan lokaci ce a mota. 'Yan kasuwarmu suna cin kasuwarta, suna wucewa ta Takalafiya, garin da Turawa suka gina a lokacin shirin yaƙi da ƙudan tsando wanda aka fara a ƙarshen shekarun 1930, amma da wuya ka samu matashi ɗaya cikin masu zuwa da zai gaya maka dalilin sunan garin, balle ya san cewa cutar da ta sa aka gina shi ita ce ta tarwatsa mutanen Gimi. Muna iya jero sunayen 'yan ƙwallon Ingila da na Sifen har da na benci. Masu wa'azinmu kuma, Allah ya saka musu, sun fi ba mu labarin Andalus da Bagadaza fiye da na ƙauyen da ke bayan gonarmu, alhali a nan ne aka taɓa rasa jama'a guda sukutum saboda babu malamin da ya je.

Ɗalibin nan nawa ya koma makaranta makon jiya. Na ba shi aiki: ya shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ya nemo mana duk abin da zai samu na jawaban Ishaya Audu a lokacin shugabancinsa, mu karanta a aji, mu ga da bakinsa me ya ce yana so jami'ar ta zama, sannan mu yi masa hukunci da abin da ya faɗa da abin da ya aikata. Ni kuma in Allah ya kai mu bayan girbi zan je Gimi in zauna da dattawa. Duk wanda yake da kaka ko tsoho a Gimi, ko Anchau, ko Hunƙuyi, wanda ya ji wannan labari daga bakin na gaba da shi, don Allah ya zauna da shi ya rubuta abin da ya ce tun yana da rai, ya aiko mini.

Wassalamu alaikum.